Sawun Mamaci a Tungar Hano

Ba a saci komai ba. Wannan ne ya fara ɗaure wa Jibo kai.

Shekara arba'in yana bin sawu tsakanin Anka, Gummi da Bukkuyum, kuma kullum akwai abin da ya ɓace: saniya, jaki, babur, buhun gero. A bi sawun, a kai ga abin. Yau an kira shi ɗakin da aka ɓalle wa kwaɗo, ga kaya nan jere a kan katako, ko ɗaya bai yi ƙafa ba.

"Robobi arba'in ne," in ji Likita Muhsina. "Na ƙirga sau uku. Amma duk an yage liƙin murfinsu."

Muhsina mai harhaɗa magunguna ce, 'yar Anka, daga jami'a ta zo Tungar Hano. Ɓawon itacen hano ne ya kawo ta. Tsohuwa Hure ta daɗe tana dafa shi tana ɗaura wa masu kumburin gwiwa. Muhsina ta karɓi sirrin da yardarta, ta tace shi a ɗakin gwaji, ta mai da shi wani mai mai yauƙi da sanyi. Ita tana ce masa jel. Gari yana ce masa man Hure. Tsofaffi arba'in masu ciwon gwiwa ne ke shafawa. Duk mako biyu kowa ya karɓi 'yar robarsa mai lamba, ita kuma ta auna masa gwiwa da tef irin na tela. Rabin robobin na da magani, rabi man banza ne, kala ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ko ita ba ta san wanne ne wanne ba, takardar tana jami'a a kulle. Ta yi wannan bayani tun farko a ƙofar Maigari, ta ce da haka ne kaɗai za a san ko hano ne ke aiki ko sa rai. Kowa ya ce ya ji, ya yarda. An yi mako shida. Saura biyu.

Jibo ya buɗe roba ɗaya, ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku. A kowace an shafe saman man sumul, daidai da baki, da gefen tafin hannu, yadda mai awo ke shafe tiyar gero. A ƙuryar ɗaki an kife wani daro. An wanke shi fes, amma yana ƙamshin man.

"Likita, ke kika wanke wanga?"

"A bushe na bar shi, Baba Jibo. Ina jin juye man aka yi a ciki, aka mayar."

"Don mi?"

"Ko an zuba wani abu. Ban sani ba. Sai na aika an gwada, mako biyu ke nan."

Jibo ya dubi daron. Bai taɓa ganin ɓarawon da ya yi wanke-wanke ba.

Bayan gidan ya fi ɗakin magana. Jiya ranar kasuwar Bukkuyum ce, gari ya watse, Muhsina tana Anka. An yi yayyafi da hantsi, ya share ƙasa kamar allo. Duk sawun da ke kai na bayan yayyafi ne. Ƙofar gidan tana fuskantar titi, an ɗaure ta da sarƙa, don haka mutumin ta baya ya shigo: katanga ce mai kai kafaɗa, ya haura, ya diro da ƙafa biyu lokaci guda. Takalmin roba ne irin wanda rabin mazan garin ke sawa. Taku mai tsawo, ba gaggawa, ƙafar dama tana ɗan karkata waje.

Jibo ya tsuguna ya daɗe. Ya san wannan tafiya. Ya san ta kamar yadda mutum ya san muryar maƙwabci ta bayan danga. Sai sunan ya zo masa. Tafiyar Muktar Dogo ce. Shi da hannunsa ya sa wa Muktar Dogo ƙasa shekara goma sha biyar da suka wuce.

Bai gaya wa kowa ba. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

A gindin katangar, inda aka watsa ruwan wankin daro, kaji biyu ne kwance, ƙafafu a sama.

*

Kajin nan suka tara mutane. Tun abin da dalma ta yi wa yara a Sunke da Duza, kalmar guba ba ta bukatar kafinta a ƙasar nan. Da an furta ta, ta tsaya da ƙafarta. Kafin Jibo ya isa ƙofar Maigari Dodo an gama shari'a.

"Hure ta!"

"Ba ita tac ce ba za a gama wanga aiki lahiya ba?"

"Mun ji da kunnenmu, ranar rabon robobi."

Samari sun ce a ba su ita. Maigari ya ɗaga hannu. Ya sa an shigar da Hure cikin gidansa, wajen matansa, an rufe ƙofa.

"Jibo," ya ce, "ba ni iya riƙe mutanen ga fiye da gobe. In an yi La'asar ba ka kawo min wani suna ba, mota za ta kai ta wurin 'yan sanda a Bukkuyum. Ko da an sake ta, kai ka san ba ta dawowa garin ga."

"Allah shi ba ka nasara, tsohuwa mai shekara saba'in ba ta ɗirka katanga."

"Ai sun ce aike ta yi."

"Wa ta aika?"

"Shi muke jira ka hwaɗa mana."

*

Ya tarar da Hure a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar matan Maigari, kamar wadda ta zo yini. Ita da Jibo taubasai ne, ba su taɓa gaisawa da mutunci ba.

"An aiko makaho shi nemo allura," ta ce.

"An aiko ni in ga mayya. Mi kic ce ma Likita ranar rabo?"

"Abin da nig gani. Mutum arba'in sun kawo ciwo, an ba ashirin magani, an ba ashirin yauƙin kuɓewa. Tun da nike ban taɓa ba mara lahiya ruwan banza in ce mai sha ba. Na ce mata Allah ba shi barin irin wanga aiki shi gama lahiya."

"Kin ga bakinki."

"Bakina ne. Ba hannuna ba." Ta hura ɓawon gyaɗa. "Jibo, hanon nan uwata ta gwada min shi, ita ma uwatta. In zuba guba cikin abin da ake kira da sunana? Ko haukar ta kama ni ai ta san gida."

"Wa ke shiga wurinki kwanakin ga?"

"Ba kowa. Tun da man roba ya zo wa ka son ɓawon tsohuwa?" Ba ta dube shi ba ta ce, "Shin yana yi kuwa? Ita ɗiyar ba ta hwaɗa min komi."

"Ban sani ba."

"Ka taɓa sanin wani abu?"

*

Ya koma kan sawun. Daga katanga ya ratsa gonar dawa, ya bi kunya ɗaya bai taka shuka ba. Manomi ne, ke nan. Ya kai gindin tsamiyar da ke bakin hanyar rijiya, nan ya ƙare. Ba tayar babur, ba kofaton jaki. A jikin saiwar tsamiya akwai ɗan rami, kamar inda aka jingine wani abu. Daga nan sai hanyar jama'a, sawu kan sawu, har da na masu dogara sanda, don tsofaffi kan huta a inuwar.

Jibo ya shiga tsintar sawun da ya sani don ya ware baƙo, yadda ya saba. A nan abin ya ƙara rikice masa. Bai gane rabinsu ba. Ga wata ƙafar mace da ke jan ƙasa tun bara, yau ta ɗaga. Ga wani da ya san yana tafe a karkace, yau ya miƙe. Ko kuwa ba su ba ne? Ya bi wani sawu da ya rantse na baƙo ne har ƙofar gida, sai ga tsoho Nuraddeen mai kiwon awaki a zaune, mutumin da suka yi kaciya tare.

Ya murza ido. Watakila Hure ta yi gaskiya. Watakila ido ne ya fara tafiya.

A hanyar dawowa ya ga kaza a mace a bayan masallaci, ya ga wata a kan juji can arewacin gari, inda ruwan daro bai kai ba. Ya tambayi wata mata da ke ɗibar ruwa.

"Ai ciwon kaji ne ya shigo tun wancan mako," ta ce. "Nawa huɗu sunka tahi."

"Kin hwaɗa a ƙofar Maigari?"

"Wa yat tambaye ni?"

*

Sunan da gari ya riƙe a matsayin ɗan aike shi ne Maikuɗi mai kemis. Yana zuwa daga Gummi a babur da akwatin ƙwayoyi, tsofaffin garin su ne kasuwarsa. An ce tun da man ya zo yake ƙunƙuni.

Jibo ya same shi da yamma a rumfarsa, ya sa shi ya taka zuwa wurin babur ya dawo.

"Baba, ni ma akuyar sata ce?"

"Taka dai."

Gajeren taku ne, mai dukan dunduniya. Ba shi ba ne. Jiya ma yana kasuwar Bukkuyum tun safe, mutum goma sun gan shi.

"Amma ciniki ya ja baya?" in ji Jibo.

"Ya ja. Na rantse maka ya ja. Amma dubi abin mamaki, waɗansu sun daina saye ɗungum, waɗansu sun ƙara. Malam Mahmuda da yana sayen katin ƙwaya ɗaya, yanzu biyu."

"Ƙanensa fa?"

"Abdulmutallib? Shi ke zuwa sayen na Malam. Nashi ya ce shina da saura." Maikuɗi ya yi dariya. "Wata guda ke nan shina da saura."

Jibo ya ji maganar, bai san inda zai ajiye ta ba.

Malam Mahmuda da Abdulmutallib su ne 'ya'yan Muktar Dogo. Tun da safe ya tuna da su, tun da safe ya cire su. Ɗa kan ɗauki tafiyar uba, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma su biyun da sanda suke tafiya shekara goma sha wani abu. A masallaci ƙarshen sahu suke zama, ƙafa a miƙe, suna sallah da nuni. Wanda bai iya sujada ba, ba ya ɗirka katanga.

*

Washegari da safe ya koma wurin Muhsina. Ta kwana tana duba takardu, ya gani a idonta.

"Likita, ina son in san waɗanda sunka warke."

"Ba zan iya faɗa ba, Baba. Abin da na auna a jikin mutum sirrinsa ne. Na yi musu alkawari."

"Yau za a kai Hure Bukkuyum."

"Na sani. Na gaya wa Maigari ba ni na kai ƙara ba, na ce a jira gwaji. Ya ce gari ba ya jiran mako biyu."

"To hwaɗa min wanga kaɗai. Akwai wanda tef ɗinki ya ce ya sauka, bakinsa ya ce bai sauka ba?"

Ta dube shi. Ta rufe littafin a hankali, ta ɗora hannu a kai.

"Ban ce komai ba," ta ce.

"Awo. Ba ki ce ba."

*

Ya je gidan Muktar Dogo da hantsi, wai gaisuwa. Gida ɗaya ne, zaure ɗaya. Tun rasuwar uban 'yan'uwan ba su raba gandu ba: gona ɗaya, rumbu ɗaya, akushi ɗaya. Ya same su a kan tabarma, Malam Mahmuda da littafi a cinya, gwiwoyinsa kamar an cusa gwanda a wando. Abdulmutallib yana gefensa yana tufkar igiya, sanda a jingine.

"Malam, ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Shina nan inda yake."

"Man bai karɓe ka ba?"

"Ko nawa ne na banzan, ko jikina ne. Allah ya sani. Wanga," ya nuna ƙanen da haɓa, "har cewa ya yi mu riƙa musanya roba, ko a dace. Na ce a'a. Na ɗaga hannu gaban jama'a na ce nawa kaɗai zan shafa. Ba ni karya alkawari don gwiwa."

"Kai fa, Abdulmutallib?"

"Duk ɗaya," ya ce, idonsa a kan igiya. "Yadda Yaya yake haka nike."

"Shekaranjiya ka je kasuwa?"

"Da wace ƙafa?"

Jibo ya zauna har aka kira Azahar. Ba shi da wata tambaya. Kansa ya yi nauyi, kamar wanda ya bi sawu yini guda ya tarar nasa ne. Suka fito tare. Ya bar su suka yi gaba, don masu sanda ba sa son a jira su. An sake yayyafi da asuba, ƙasa da laushi. Ya bi bayansu, idonsa a ƙasa, don ba ya iya tafiya ta wata hanya.

'Yan'uwa biyu, kafaɗa da kafaɗa, kowa na ɗingishi, kowa da sanda. Ramukan sanda layi biyu.

Ya tsaya. Ya tsinke kara, ya zura a ramin sandar Malam Mahmuda. Ya shige gaɓa biyu na yatsa. Ya zura a na Abdulmutallib. Ko farce bai rufe ba. Ya gwada na gaba, da na gaba, har goma. Sandar Malam tana ɗauke da mutum. Ta ƙanen gaisawa kawai take da ƙasa.

Bai shiga sahun farko ba ranar. Da aka sallame ya nufi tsamiya da karan a hannu. Ramin da ke jikin saiwa bakin sanda ne. A cikin sawun jama'a, masu barin gindin itacen, ya sami layin ramuka marasa zurfi, ya bi su har ƙofar gidan Muktar Dogo.

*

Bayan La'asar mota tana tsaye a ƙofar Maigari, direba yana cin gyaɗa. An fito da Hure. Muhsina tana gefe da littafinta. Garin kaf ya zo.

Jibo ya sa aka share fili taku goma sha biyu, aka yayyafa ruwa.

"Allah shi ba ka nasara, da farko kajin. Ciwo ne. Duk wanda kazarsa ta mutu makon ga shi ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi a hankali, fiye da ashirin. Wani ya yi tari.

Ya sa Maikuɗi ya ratsa filin. Jibo ya duba sawun, ya ce ba shi ba ne. Ya sa Hure ta ratsa, ta ratsa tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce masu shafa man su bi ɗaya bayan ɗaya. Aka yi guna-guni: me ya haɗa guragu da katanga? Suka bi. Wasu da ƙyar, wasu da sauƙin da ya sa 'ya'yansu suka dubi juna. 'Ya'yan Muktar Dogo ne na ƙarshe.

Da suka kai ƙarshen filin Jibo ya ba Maigari karan.

"Auna ramin sandar Malam. Auna na ƙanensa."

Maigari ya tsuguna da kansa. Ya auna. Ya sake aunawa. Ya ɗago ya dubi Abdulmutallib.

"Kwana biyu ina bin sawun mamaci," in ji Jibo. "Wanda ya haura katangar tafiyar Muktar Dogo gare shi. Na ce ko idona ne ya lalace. Ashe ba ido ba ne. Ƙafafun garin ga ne sunka sake, ba a hwaɗa min ba. Abdulmutallib, ba ni sandarka."

Abdulmutallib ya ƙanƙame ta. "Baba Jibo, in faɗi?"

Ba Jibo ne ya amsa ba. Malam Mahmuda ne, a hankali, bai ko juyo ba.

"Aje ta."

"Yaya…"

"Na ce aje ta. Taka in gani."

Sandar ta faɗi. Ya tsaya kamar wanda aka tuɓe a kasuwa. Sannan ya taka. Taku na farko ya yi ɗingishi don sabo. Na biyu ya manta. Ya ratsa filin da taku mai tsawo, ba gaggawa, ƙafar dama tana karkata waje. Wata tsohuwa a cikin mata ta ce, "La ilaha illallahu, Muktar!"

"Tun yaushe?" in ji Malam Mahmuda.

"Mako na ukku."

"Kana zaune kusa da ni kana sallah da nuni."

"Yaya, in miƙe in yi ruku'u kana zaune? In wuce ka a hanya? Da wane ido?" Muryarsa ta tashi. "Na ce ka karɓi tawa, ka ƙi. Ni ban san lambar boko ba, ban san wace roba ce taka ba, ban san wace ke da magani ba. Sai na ce to, a yi yadda muka saba. A zuba rumbu ɗaya, a auna ma kowa daidai. Ban ƙara komi ba, ban rage komi ba. Ko abin da ya maƙale a hannuna na mayar. Wallahi ban san za a ce guba ba."

"Da aka ce fa?" in ji Maigari. "Da aka kama tsohuwar ga, kana ina?"

Abdulmutallib ya sunkuyar da kai. "Na ce Likita za ta gwada ta ga ba komi."

"Kwana biyu tana tsare," in ji Malam Mahmuda. "Ka ji kunyata, ba ka ji tsoron Allah ba."

Kowa ya juya ga Muhsina. Ba ta ɗaga murya ba.

"Saura mako biyu," ta ce. "Mako biyu a buɗe takardar, in ya tabbata yana aiki kowa ya karɓi na gaskiya, har da Malam. Yanzu abin da ke cikin robobin nan ba magani ba ne, ba man banza ba ne, ba zan ba kowa shi ba. Shi ne kuma na ƙarshe da nake da shi. Sai an sake saro ɓawo, an shanya, an tace, an sake neman izini. In an ba ni."

"Yaushe ke nan?" Abdulmutallib ya tambaya.

"Baɗi."

Ya dubi gwiwoyin wansa. Malam Mahmuda ya dogara sandarsa ya juya gida shi kaɗai. Ba wanda ya yi gigin kama shi.

Maigari ya sallami direba. Ya ce Abdulmutallib zai gyara ƙofar da ya ɓalle, shi ne kuma zai saro duk ɓawon da Likita za ta bukata, tun da ƙafa ta samu. Sauran magana tsakaninsa da Likita ce, da kuma wadda aka tsare. Samarin da suka ce a ba su Hure suka fara zamewa ta bayan taro, ɗaya-ɗaya.

"Hure," in ji Maigari, "an zalunce ki. Mi kike so a yi mai?"

Tsohuwar ba ta saurare shi ba. Ta riga ta isa wurin Abdulmutallib. Ta tsuguna, ta naɗe masa ƙafar wando ba ta nemi izini ba, ta danna gwiwar da babban yatsa, gefe da gefe, ta lanƙwasa ta, ta miƙar. Ya fara ba ta haƙuri. Ta ce ya rufe mata baki.

Ta ɗago ta dubi Muhsina. Muhsina ta ce, "Mutum ɗaya ba hujja ba ne, Inna."

"Ke da takardarki," in ji Hure. Ta juya ga Jibo. "Kai makaho, ƙafa nawa kac ce ba ka gane ba?"

"Ban ƙirga ba. Sun yi sha biyar."

Ta jinjina kai. Ta koma gefen filin da aka share, ta zauna a ƙasa, ta gyara zanenta, ta nuna wa Abdulmutallib ɗaya ƙarshen.

"Koma can," ta ce. "Sake takowa in gani."